Kututture Bakwai na Baba Babba

Ranar Laraba ce, da hantsi, bayan an gama kaka, shekara biyu da wucewar babban farin da ya kashe shanu. Wurin kuwa rumfar mai gari ce, a ƙauyenmu da ke kudu da Dantchiao, kusa da iyakar Nijeriya. Waɗanda suka halarta su ne mai gari, da liman, da magidanta kamar talatin, da malamin gona wanda ya zo daga Magariya a kan babur, da ni. Mahaifina yana sahun gaba. Yayansa, wanda muke kira Baba Babba, yana can gefe ya jingina da ginshiƙin rumfa, sandarsa a kan cinya. Makaho ne, agana ta cinye masa idanu tun yana ɗan shekara shida. Ni ne tafinta, domin malamin gonar mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci. Shekaruna ashirin da ɗaya, kuma a gidanmu an riga an fara jin shawarata.

Saƙon gajere ne. Gwamnati za ta ba manomi garmar shanu, da irin gyaɗa, da takin zamani, ta ɗauke masa rabin nauyin. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar kututture ko guda a gona, domin bakin garma ba ya jure saiwa. Malami zai zo ya taka kowace gona da ƙafarsa kafin a rubuta sunan mai ita. Na faɗi wannan da irin muryar masu karanta labarai a rediyo, wadda nake kwaikwayo tun ina yaro, kuma aikin da na zo na yi shekara talatin ina yi ke nan. Mutanen da yunwa ta taɓa suka gyara zama. Da na gama, Baba Babba ya ɗaga sanda.

"Mushe," in ji shi. Haka yake kira na, sunan da ake kiran malaman lakwal da shi, don tsokana. "Tambaye shi, in an cire kututturen, me za a sa a gurbinsa?"

Aka yi dariya. Na fassara. Malamin gona ya ce ba za a sa komai ba, ai filin ake so.

"Ba komai," in ji Baba Babba. "To, na ji."

Abin da ya tono mini wannan zama shi ne, watan jiya wani saurayi ya zo ƙofar gidana a kan babur, da waya a hannu. Ya koya mini yadda ake barin tohon kututture: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a bari su zama itace. Ya ce ana shawarar nan gaba taki da iri na tallafi su riƙa zuwa ga wanda ya bar itatuwa a gonarsa. Yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Na saurare shi har ya gama, ban katse shi ba. Muryar ce na gane, irin tawa ce ta ranar nan a rumfar mai gari.

Yaran yanzu ba su san yadda gona take a da ba. Su a wurinsu ko dai fili ne fetal, ko kuma itatuwan gawon nan da suka dawo. A lokacinmu gona cike take da kututture. Kowace bazara a yi sassabe, a sare tohon, a bar gindin. Damina ta zo ya sake tsirowa, kafin tsakiyar rani ya kai ƙirjin mutum. Daga nan Inna take samo itacen girki ba tare da ta yi nisa ba, daga nan ake ɓare ɓawon kalgo a tuƙa igiya, nan shanunmu suke kwanciya da rana suna zuba taki. Kuma gona tana da ƙara. Ƴaƴan kalgo busassu suna kaɗawa kamar caki, sabara tana shuu in iska ta ratsa ta, ƙadangare yana gudu cikin busasshen ganye, kurciya tana kuka daga nesa wata ta amsa daga kusa. Mu masu ido ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Ba na jin na taɓa lura da shi sai ranar da ya ɗauke.

Baba Babba da wannan ƙara yake tafiya. Yana da ƴar gayaunarsa a can ƙarshen gandunmu, inda yake shuka yakuwa da riɗi da wake da hannunsa, da rani kuma ya zauna ƙarƙashin wata rumfar kara yana tuƙa igiya. Kowace safiya bayan asuba yakan fita shi kaɗai, ba ya yarda a kama masa sanda. Daga gari sai ya bi burtali yana taɓa shingen aguwa har bakin gonarmu. Daga nan kuma kututture bakwai ne suke miƙa shi, ɗaya zuwa ɗaya, ta tsakiyar gandu. Na farko kalgo ne. Sai sabara biyu da yake kira Tagwaye. Sai wata magarya da yake kira Marowaciya, wai ba ta taɓa barin rigarsa ta wuce ba sai ta karɓi zare. Sai aduwa, sai gindin wani gawo da makiyaya suka sassare a shekarar fari har ya mutu daga sama, sai wani kalgon. Yakan ji kowanne tun daga nesa, in ya iso ya buga masa sanda sau ɗaya. Ya ce kowane da amsarsa, domin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi abin da ke sama, kuma sanda tana jin sa. Yakan ce mu masu ido rabin itace muke sani.

Aka shiga aikin cirewa, duk ƙauyen. Sai a tone kewaye da gindin, a sare saiwoyin gefe da gatari, a cika ramin da busasshen kashin shanu da kara, a sa wuta, a ɗan rufe da ƙasa. Wutar ba ta tashi sama. Ƙasa take bi, a hankali, kwana da kwanaki. Abin da ba mu zata ba shi ne inda hayaƙin yake fitowa. Ka sa wuta nan, bayan kwana uku ka ga siririn hayaƙi yana fita daga ramin kurege taki ashirin daga wurin, a fili inda babu ko tsinke. Da safe in ka tsaya a bakin burtali, sai ka ga gonaki har iya ganinka, kowace tana fitar da farin zare daga cikin yashi, tsaye cak, babu mutum kusa. Ƙasa ta yi ɗumi a tafin ƙafa tun kafin rana ta ɗaga. Kunamai suka riƙa shigowa gari da rana tsaka. Mata suka daina yanke hanya ta gonaki, suka gwammace su zagaya. Inna ta ce ita ba ta son taka ƙasar da ke numfashi.

Wata la'asar muna shan fura a zaure, Baba Babba ya ce wa mahaifina, "Ku cire duka, ban hana ku ba. Bakwai ɗin nan ku bar mini."

"Yaya, kai da ba ka ganin gonar, kai ne mai raba mata kaya?"

"Kai da kake ganin ta, sau nawa jaki ya kawo ka gida kana gyangyaɗi?"

Mahaifina ya yi dariya har ya sarƙe da fura. Ya ce, "Garmar Mushe ce, shi ya kawo ta da bakinsa. Shi za ka roƙa."

Na ce, "Baba, ba wanda zai taɓa su."

"Ka faɗa da muryar rediyo ko da taka?"

"Da tawa."

"To, na riƙe."

A bazara malamin gona ya dawo duba. A lokacin Baba Babba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye wajen Dungass, an kai shi a kan jaki, zai yi kwanaki. Mahaifina kuma yana Sassumbrum neman abokin sanmu, domin garma sai da shanu biyu. Ni kaɗai na raka malamin. Ya taka gonar daga gabas zuwa yamma yana gyaɗa kai, sai ya tsaya. Ga su nan bakwai a jere, sun ratsa tsakiyar gandu, su kaɗai a duk faɗin wurin. Na yi masa bayani. Ba mugun mutum ba ne. Ya cire hula ya share gumi, ya ce takarda ta ce ko ɗaya, kuma ba shi kaɗai ke dubawa ba, akwai na sama da shi. Ya ce nan da kwana shida zai dawo, a ranar sunaye za su tafi Magariya. Da zai hau babur ya ce, "Ku riƙa kama masa hannu mana."

Na kwana ina juya abin, washegari na kira abokaina huɗu. Kwana biyu muka yi. Marowaciya ce ta fi ba mu wahala, ta yayyage mana hannuwa. Da mahaifina ya dawo da sa ya ga abin da aka yi, sai ya ce, "Kai ka ɗauki alkawari, kai za ka faɗa masa." Na ce to.

Baba Babba ya dawo da yamma. Na tare shi, na sauke shi daga jaki, na kawo masa ruwa. Maganar tana bakina a shirye, na ma tsara yadda zan fara. Ya sha, ya ce, "Mushe, gona lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Na ce a raina ya gaji, sai da safe. Mahaifina ya zaci na faɗa. Inna ta zaci na faɗa. Da safe na makara, na tashi ya riga ya fita.

Da hantsi Inna ta kai masa fura gayauna kamar kullum. Ta dawo da ƙwaryar a rufe. Ba gudu ta yi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin zaure ta ce wa mahaifina, "Malam, Yaya ba ya can."

Muka fita ni da mahaifina. Neman bai yi wuya ba da farko, domin gonar da aka share tana riƙe sawu kamar rubutu a allo. Ga takalmansa daga bakin burtali, ga ɗigon sanda a gefen dama. Sun tafi kai tsaye zuwa inda kalgo yake a da. A wurin, ɗigon sanda ya yi yawa, kamar kaji sun yi tsattsaga. Ga shaidar gwiwa biyu, ga inda ya sa hannu cikin toka. Daga nan sawun ya ci gaba, taki ya gajarce, amma bai kauce ba. Ya samu gurbin Tagwaye, ɗaya bayan ɗaya, daidai, babu abin da ke kiran sa sai ƙidayar ƙafa. A kowanne ya durƙusa ya taɓa. Mahaifina bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

A gurbin Marowaciya muka ga ƙasa ta rufta. Saiwar ta cinye daga ciki ta bar kogo, saman ya yi kama da ƙasa lafiyayya. Rami ne mai zurfin rabin ƙwauri, har lokacin akwai jan garwashi a cikinsa, ga takalmi ɗaya ya ƙone rabi. Ga inda ya faɗi, ga inda ya mirgina. Da ya tashi, ya tashi yana fuskantar wani gefe dabam. Daga nan sawun ya zama ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tana jan yashi. Ya yi ta zagaye yana neman aduwa, zagayen yana ƙara faɗi, ɗigon sanda ko'ina. Sannan ya miƙe kudu maso gabas, ya fita daga gonarmu ya shiga ta maƙwabci, ya fita ya shiga wata. Babu abin da zai gaya masa ya ƙetare iyaka, domin har sabarar da ke raba gonaki an tone.

A wannan tafiya ce na ji abin da ya ji. Na tsaya na rufe ido. Rana ta take, babu iska, babu tsuntsu, babu ganye ɗaya da zai motsa. Na ji bugun jinina a kunne. Mahaifina ya ƙwala kira, "Yaya!" Muryar ta tafi ba ta dawo ba, kamar an zuba ruwa a yashi.

Dab da azahar muka hango shi, baƙin ɗigo a tsakiyar gonar wani mutum da ba mu ma san shi ba. Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe. Ya zana da'ira da sanda ya kewaye kansa. Can bayansa zaren hayaƙi biyu suna tsaye. Muka yi ta kira muna matsowa, bai juyo ba, bai amsa ba. Sai da mahaifina ya dafa masa kafaɗa.

"Yaya, ba ka ji mu ba ne?"

"Na ji ku." Leɓunansa sun tsage, muryar ta dushe. "Ban san daga wane gefe kuke kira ba, na nan ko na can."

Na ɗora masa gora a baki. Ya sha kaɗan ya ture.

"Na buga sanda, ba wanda ya amsa," in ji shi. "Na saurara, ba kowa. Ƙasa kuma da wuta daga ƙarƙashi. Sai na ce, ashe haka abin yake, mutum ya mutu ba a gaya masa ba. Na zauna ina jiran masu tambaya. Da na ji muryar Mushe sai na ce, oho, ashe su ma da tafinta suke zuwa."

Mahaifina ya so ya yi dariya, abin ya fito masa wani iri, ya juya baya. Ni ina durƙushe ina kallon tafin ƙafar, fatar ta saluɓe yashi ya manne.

"Wa ya cire su?"

"Ni ne, Baba."

"An rubuta sunan naku?"

"Sai gobe."

Ya lalubi sandarsa. "To, a rubuta. Kada ya zama an yi a banza."

Mahaifina ya goya shi har gida. Washegari aka rubuta sunanmu.

Dole in faɗi gaskiyar garma, domin ta yi aikinta. Abin da muke yi mu uku a kwana goma, shanu biyu suka yi a kwana biyu, gadon bayan mahaifina ya huta, damina biyu rumbunmu ya cika. A ta uku ne iskar da ke gaban ruwan farko ta zo ba ta tarar da abin da zai tare ta ba. Ta kwashi yashi ta yanke tsiron hatsi kamar da aska. Sau uku muka yi shuka a shekarar. Ƙasar gonarmu ta koma cikin burtali ta binne aguwa. Inna ta fara tafiyar rabin yini neman itace, daga baya ta koma ƙona kara da kashin shanu, abincin gonar ke nan muke sa wa a murhu. Gona ta ƙara neman takin zamani, a daidai lokacin da tallafin ya fara janyewa. Ni kuma na tafi Damagaram, daga can Yamai, na zauna gaban makirfo ina karanta sanarwa iri-iri, har da irin waccan, ban rage ba ban ƙara ba.

Yau in ka tsaya a bakin burtalin nan za ka ga gawo fiye da na ƙuruciyata. Mutane da kansu suka koma barin toho, tun kafin wani ya zo da babur ya koya musu. Kurciya ta dawo, kalgo yana kaɗawa. Amma ba a inda suke a da suka tsiro ba. Na sha rufe ido a bakin gonar ina gwadawa, ban taɓa kaiwa taki goma ba. Saurayin nan ya tambaye ni ra'ayina a kan sabon tsarin. Na ce masa na goyi baya. Na ƙara da cewa mai jin yunwa in an sa masa sharaɗi yakan cika shi har kututture na ƙarshe, don haka su auna abin da za su rubuta, kuma in an taru a rumfa su saurari tambayar wanda ke zaune a gefe. Ya danna abin a wayarsa ya yi godiya.

Ban gaya masa sauran ba. Bayan ƙafar Baba Babba ta warke, da aka cire amfanin gona a waccan shekarar, na sassaƙa turaku bakwai na kafa su a guraben nan, kowanne daidai inda na tone. Na je na ce masa na gyara masa hanya. Bai yi musu ba. Ya ɗauki sanda, muka bi burtali, yana gaba ina baya. Turken farko yana taki kaɗan daga bakin gona. Ya tsaya a kan iyaka, ya miƙa sanda iya tsawon hannunsa ya buga masa sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare.

"Ka yi ƙoƙari, Mushe," in ji shi. "Amma wannan ba shi da ƙarƙashi."

Ya juya, ya taɓa aguwa da sanda, ya kama hanyar gari. Ya ƙara damina huɗu a duniya, a zaure yake wuni, kuma bai sake taka gonar ba.